Kundin aikin tocila: sabon LED, sabon direba

3 ga Maris

Yau na kwance tocilar gaba ɗaya, na jera kayan cikinta a kan farar takarda don kada ƙaramin abu ya ɓace mini. Ta daɗe a hannuna. Bututun alminiyam ne mai cin batir 18650 guda ɗaya, makunninta a gindi, fentin gefenta duk ya kankare saboda yawan shiga aljihu. Ba ta taɓa ba ni kunya wajen kamawa ba. Haskenta ne ya ishe ni.

Makon jiya da dare ina lalube a cikin injin mota, ina neman wata waya da ta tsinke. Wayoyi uku ne a ɗaure wuri ɗaya: ja, ruwan ƙasa, da ruwan goro. Na haska su, na juya tocilar ta nan, na juya ta can, duk ukun suka zame mini launi ɗaya, wani duhu-duhu mai kama da tsatsa. Haske kam akwai, har yana kashe ido. Amma sai da gari ya waye na iya bambance su.

Dalilin yana cikin yadda ake yin farin LED, wato ɗan ƙwan da ke ba tocilar haske. Asalinsa shuɗi ne. Ƙwayar da ke ciki shuɗin haske take fitarwa, sai a shafe ta da wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake kira fosfo, ya sha wani ɓangare na shuɗin ya mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari. Shuɗin LED mai ƙarfi Shuji Nakamura ne ya fito da shi a kamfanin Nichia na Japan a 1993, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. To idan fosfon nan bai ƙunshi abin da zai fitar da ja sosai ba, jan abu ba shi da hasken da zai mayar wa ido. Shi ya sa jar waya ta koma ruwan ƙasa.

Awon da na yi: allon direba, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa LED daga batir, milimita 17, allon da LED ke zaune a kai milimita 16, dukansu a cikin wani ɗan gwangwanin tagulla da ake murɗawa a kan tocilar. Wannan shi ne girman da ke cikin tocilar Convoy S2+, don haka kayan canji ba za su yi wuyar samu ba. A bayan direban na ƙirga ƙananan baƙaƙen cif huɗu, AMC7135. Kowanne yana barin miliamfiya 350 ta wuce, ke nan amfiya 1.4 gaba ɗaya.

5 ga Maris

Na tsayar da shawara a kan LED ɗin Nichia 519A, mai zafin launi 5700K, lambar da ke nuna ko farin haske ya karkata shuɗi ko rawaya. Na yi odar guda uku, da allunan jan ƙarfe uku.

Abin da ya ja ni gare shi lambar R9080 ce da ke jikin sunansa. Ma'aunin CRI da kowa ke ambato, wanda ke auna yadda haske ke nuna launin abu na gaskiya, ana fitar da shi ne daga launuka takwas masu laushi, kuma ja mai kauri ba ya cikinsu. Shi jan lambarsa daban, R9. Sai ka ga LED mai CRI 70, irin wanda na cire, R9 ɗinsa yana kusa da sifili ko ma ƙasa da haka. R9080 na nufin CRI ya kai 90, R9 kuma ya kai 80. Ga wanda matsalarsa jar waya ce, wannan lamba ta biyu ita ce magana.

Allon kuwa na zaɓi irin wanda tsakiyarsa jan ƙarfe ne tsirara. A ƙarƙashin LED akwai ƙafafu uku: biyu na gefe na wuta, ta tsakiya mai faɗi ta fitar da zafi ce. A allon alminiyam na gama-gari akwai wani siririn shafi da ke raba ƙafar tsakiya da ƙarfen, don kada wuta ta tsallaka, amma shafin nan yana tare zafi ma. A allon da na saya an yanke shafin a daidai wurin, ƙafar tana manne da jan ƙarfen kai tsaye ta hanyar dalma. Jan ƙarfe yana ɗaukar zafi kusan wat 400 a kowace mita kowane digiri, shi kuwa wancan shafin 'yan ƙalilan ne kawai.

14 ga Maris

Kaya sun iso. LED ɗin milimita 3.5 ne kowane gefe. Da na zazzage su daga leda ɗaya ya faɗi a kan tebur, sai da na riƙe numfashi na neme shi da ido kafin na motsa hannu.

Ban taɓa ɗora LED a kan allo da kaina ba sai yau, don haka zan rubuta yadda abin ya kasance dalla-dalla, saboda gaba.

Ba a yin wannan aikin da bakin ƙarfen dalma, domin ƙafafun suna ƙasa, ba a ganinsu. Daga ƙasa ake dumama allon duka. Na shafa dalma mai laushi irin ta kwaɓi a kan wuraren uku da tsinken allura, kaɗan ƙwarai, kamar dai ka shafa ka goge. Irin 63/37 ce, mai narkewa a digiri 183. Na fi son ta a kan marar gubar nan da sai ta haura 217, domin LED ba ya son ya daɗe a zafi, kuma iyakar da aka yarje masa wajen wannan aiki 260 ce, ita ma na 'yan daƙiƙu.

Kafin na ɗora shi na tabbatar da gefen da ke karɓar wuta. Na sa mita a ma'aunin dayod, na taɓa ƙafafun gefe biyu, ƙwayar ta yi wani ɗan haske kamar na makyalli, na gane inda jar waya take. Na ɗauke shi da hantsaki ta gefe, ba ta saman hular silikon da ke rufe ƙwayar ba, na aza. Na ɗora allon a kan farantin dumama.

Minti ɗaya babu abin da ya faru. Sai man cikin dalmar ya fara hayaƙi siriri. Can sai kwaɓin toka-tokan nan ya juye azurfa farat ɗaya, LED ɗin ya ɗan girgiza, ya ja kansa ya zauna daidai tsakiya ba tare da na taɓa shi ba. Na sha karanta cewa narkakkiyar dalma tana jan abu zuwa mazauninsa, amma gani ya kori ji. Na ɗan danna shi da bayan hantsaki sau ɗaya, wani ɗan ɗigon dalma ya fito ta gefe, na share, na zame allon zuwa kan wani ƙarfe mai sanyi.

Ban haɗa ba yau. Hannuna bai gama natsuwa ba.

15 ga Maris

Na goge tsohon man sanyaya daga gwangwanin tagullar, na sa sabo siriri, na danna allon ina ɗan murza shi har na ji ya kama. Wayoyi biyun da ke fitowa daga direba na laƙa su, na kwantar da dalmar sosai don kada ta yi tudu, na rufe kowane gefe da tef mai jure zafi. Kofin hasken, wanda ke tattara haske ya tura shi gaba, ƙarfe ne, idan gindinsa ya taɓa dalmar nan wuta ta haɗu ke nan. Zoben robar da ke daidaita LED a bakin kofi ma sai da na canza, domin tsohon na LED mai milimita 5 ne.

Da tsohon direba na gwada, amfiya 1.4. Abin da na fara haskawa tafin hannuna ne. Na ga jini a ƙarƙashin fata, na ga layukan tafin da launinsu na gaskiya, ba wannan fari-fat ɗin mai kama da na marar lafiya ba. Na fita na buɗe motar, na haska wayoyin nan uku. Ja ja ce, ruwan goro ruwan goro ce. Na daɗe a tsaye a wurin.

Hasken ya ɗan ragu a kan na da, kuma na san zai ragu. Fosfon da ke fitar da ja yana cin wani abu daga jimillar lumen, wato ma'aunin yawan haske, domin ido bai cika jin ja ba kamar yadda yake jin kore da rawaya.

18 ga Maris

Raguwar nan ta tsaya mini a rai. LED ɗin zai iya ɗaukar fiye da amfiya 1.4, allon jan ƙarfen ma an yi shi ne don fiye da haka. Ina da wani direba a ajiye, irin mai FET, wato wani makunnin lantarki, wanda a matakin haskensa na sama ba ya iyakance komai, buɗe ƙofa kawai yake yi tsakanin batir da LED. Na sa shi.

Na kuma yi wa sifirin ɗin gindi gada. Sifirin ƙarfe ne siriri mai tsawo idan an warware shi, yana tare wuta, yana zafi. Ana laƙa 'yar gajeriyar wayar jan ƙarfe mai lamba 22 daga ƙasansa zuwa samansa, a bar mata ɗan lanƙwasa don ta riƙa bin sifirin idan ya matse, wuta ta bi ta nan. Aikin ya yi kyau. Gobe zan gwada.

19 ga Maris

LED na farko ya ƙone.

Na sa batir Samsung 30Q da na cika shi taf, volt 4.2. Batir ne mai iya ba da amfiya 15 ba tare da ya gaji ba. Na danna har matakin ƙarshe. Ɗakin ya cika da haske irin wanda ban taɓa gani daga abu mai girman yatsa biyu ba. Daƙiƙa kamar goma sai na ga farin yana juyawa shuɗi. Kafin babban yatsana ya kai makunni hasken ya dushe, ya koma wani shuɗi-shuɗi mai rauni. Da na kwance kofin, tsakiyar ƙwayar ya yi baƙi, hular ta tsage, ga wani ɗan wari.

Laifin nawa ne, kuma lissafin a fili yake da na tsaya na yi shi. Direba mai FET yana dogara ne da turjiyar da ke kan hanya: ta cikin batir, ta sifirin, ta wayoyi, da kuma boltejin da LED ɗin kansa ke buƙata. Shi 519A boltejinsa ƙasa yake, kusa da volt 3. Ni kuma na kawo batir mai ƙaramar turjiya, na cire turjiyar sifirin da hannuna, sannan na bar LED ɗaya tal ya sha duk abin da ya zo. Ga wani abu kuma: yayin da LED ke zafi boltejinsa na ƙara sauka, saukar nan na ƙara jawo wuta, wutar na ƙara zafi. Abin yana ciyar da kansa. Irin wannan direba ya dace da tocila mai LED uku ko huɗu da za su raba kayan a tsakaninsu.

Juyawar nan zuwa shuɗi ita ce gargaɗin. Fosfo ne ya yi zafi har ya kasa aikinsa, shuɗin ƙwayar ya fara fitowa tsirara. Duk wanda ya ga haka ya kashe nan take.

Abin ya dame ni, ba don LED ɗin kawai ba. Shi ne na farko da na ɗora da hannuna, kuma ya zauna daidai.

22 ga Maris

Kwana biyu ban taɓa ƙarfen dalma ba, takarda da biro na ɗauka.

Na ɗora gangar jikin tocilar a sikeli ba batir, kusan giram 80. Alminiyam yana buƙatar jul 0.9 (jul shi ne abin da wat ɗaya ke bayarwa a daƙiƙa ɗaya) don giram ɗaya ya hau digiri ɗaya, ke nan jikin duka yana shan jul 72 a kowane digiri. A ce LED yana cin amfiya 5 a volt 3.2, wat 16 ke nan. Mafi yawan wannan ba haske yake zama ba, zafi ne, a ƙaddara wat 12. A minti ɗaya jul 720. Raba da 72: digiri 10 kowane minti. Batir zai sha wani abu, iska da hannu za su ɗauke wani, amma ba za su hana ba. Cikin minti uku ko huɗu tocilar ta fi ƙarfin riƙewa.

Wannan lissafin ya canza mini yadda nake kallon aikin. Allon jan ƙarfe ba ya kashe zafi, gaggauta shi kawai yake yi daga ƙwaya zuwa jiki. Daga jiki kuma sai fatar bututun, wadda faɗinta bai canza ba tun ranar da aka ƙera ta. Duk abin da zan sa a ciki, abin da tocilar za ta iya riƙewa na tsawon lokaci faɗin fatar nan ne ya yanke shi. A jiki irin wannan wat biyar ko shida ne.

Ido ma yana da nasa lissafin. Kafin haske ya yi maka kamar ya ninka biyu, sai ya ninka kusan sau huɗu a ma'auni. LED kuma yawan wutar da ka ba shi yawan raguwar ribarsa, amfiya ta biyar ba ta ba da hasken da ta farko ta bayar. Wato a can sama kana biyan zafi mai yawa don ɗan bambancin da ido zai manta da shi cikin daƙiƙa kaɗan.

Saboda haka tambayar ta koma: wane direba ne ba zai ƙara nasa zafin a kan na LED ba?

Mafi sauƙi in ƙara cif 7135 su zama takwas, amfiya 2.8. Ana ɗora su bisa juna, aiki ne na rabin awa. Amma yadda suke aiki shi ne su ƙone rarar boltejin. Batir yana volt 4, LED yana son 3.1, ragowar 0.9 sau 2.8 ya ba da wat biyu da rabi, duk zafi, a cikin gwangwani ɗaya da LED. Kuma ƙananan matakansu da yawa ta hanyar PWM ake samar da su, kunnawa da kashewa da sauri, wanda idan saurin bai kai ba kana ganin abu mai motsi yana yankewa-yankewa a gabanka.

Ɗaya hanyar ita ce direba mai sauke bolteji ta naɗin waya, wanda ake kira bok. Shi ba ya ƙone rarar, canza ta yake yi ta zama ƙarin amfiya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ya karɓa yana isa LED. Na yi odar mai amfiya 5, milimita 17, mai na'urar jin zafi da ke rage wuta da kanta.

23 ga Maris

Na ɗora LED na biyu. Ya zauna lafiya. Wannan karon dalmar da na shafa ta fi ta farko ƙaranci, babu abin da ya fito ta gefe.

4 ga Afrilu

Direba ya iso, amma bai shiga ba. Faɗinsa daidai ne, sai dai naɗin wayar da ke samansa dogo ne, yana dukan rufin gwangwanin tagullar ta ciki, kuma akwai wasu 'yan tsinin allo biyu a gefe, ragowar inda aka ɓalle shi daga babban faranti. Tsinin na share da magagari. Rufin kuwa sai da na auna sau uku, na ga abin da ya hana bai kai rabin milimita ba, kuma wayoyina ne da suka naɗe a ƙarƙashi suka ci wurin. Na rage tsawonsu, na murza direban yayin sa shi don su kwanta a zagaye. Ya shiga. Rufin ban taɓa shi ba, kuma gara haka, domin a kansa allon LED ke zaune, kaurinsa ne ke fara karɓar zafi.

5 ga Afrilu

Ta kama, amma tana ƙyafƙyaftawa, kuma idan na buga ta a tafin hannu sai ta tsallaka mataki.

Na fara zargin gadar sifirin. Lafiya lau. Na zargi makunni, na cire murfin gindi na haɗa batir da bakin bututu da guntun waya, har yanzu tana yi. Ke nan matsalar tana gaba. A irin wannan tocila jikin ne wayar dawowa: wuta tana fita daga gindin batir, ta bi makunni, ta bi bututun, ta shiga gwangwanin tagulla, ta kai zoben waje na direba. Fentin da ke jikin alminiyam ba ya ɗaukar wuta, bakin bututun da aka bari tsirara ne kawai ke haɗawa. Duk inda aka sami sako-sako a wannan layi, hasken zai nuna.

Zoben da ke danne direban ne. Ya murɗu har ƙarshe amma bai kai ga danna allon ba, domin sabon allon ya fi tsohon siranta kaɗan. Na ɗan ɗora dalma a gefen direban wuri biyu don ta cike tazarar, na ɗaure zoben da bakin hantsaki, na goge bakin bututun da ya yi datti. Na buga ta a hannu sau ashirin, ko gezau.

Wannan fentin da ba ya ɗaukar wuta yana da amfaninsa: idan ka sassauta murfin gindi kwata ɗin zagaye, layin ya yanke, tocila ba za ta kama a aljihu ko a jaka ba. Da wutar da ke cikinta yanzu, wannan ya zama dole.

9 ga Afrilu

Ranar awo. Na ari mitar haske daga wani abokina da ke aikin ɗaukar hoto.

Amfiya tukuna. Mitar hannu mai siraran wayoyi ba ta faɗin gaskiya a nan, wayoyinta kansu suna tare wuta. Na yi amfani da mai kama waya da baki, na haɗa gindin batir da bututu da gajeriyar waya mai kauri. A mataki na sama, da cikakken batir, ta nuna 4.5. Da farko na ɗauka direban bai cika alƙawari ba, sai na tuna a gindi nake awo. Batir yana ba da 4.5 a kusan volt 3.9, direba yana mayar da ita 5 a 3.2. Na bar ta tana ci, na ga lambar tana hawa a hankali yayin da batir ke sauka. Daidai ke nan, yana ƙara ja don ya riƙe LED a inda yake.

Sai nisa. Ƙa'idar ANSI FL1, wadda aka kafa a 2009, ta ce a fara awo bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, ba a daƙiƙar farko da komai ke sanyi ba. Na tsaya mita 5 daga bango, na sami luks 340 a tsakiyar hasken, luks kuwa ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne. Ana ninka wannan da nisan sau kansa, 340 sau 25, kandela 8,500, wato ƙarfin tsakiyar hasken. Nisan da ƙa'idar ke kira isar haske shi ne inda ya ragu zuwa luks 0.25, kwatankwacin farin wata a daren sha huɗu. Lissafin ya ba ni mita 184. A aikace abin da za ka gane da ido bai wuce rabin haka ba.

Zafi kuwa ya bi lissafin 22 ga Maris kusan sau da ƙafa. Ana cikin minti na uku kan tocilar ya fi ƙarfin yatsa, direba ya fara rage wuta da kansa.

Abokin nawa ya karɓa ya haska bango, ya haska rigarsa, ya ce, “Malam, wannan ai hasken taga ne da hantsi.” Shi da launi ne sana'arsa, na ji daɗin maganar.

12 ga Afrilu

Na daɗe ina juya maganar cire hula, yau na yi.

Hular silikon da ke saman LED tana taimaka wa haske ya fita, kuma tana aiki kamar gilashin ƙara girma, ƙwayar tana bayyana ga kofi fiye da girmanta. Idan an cire, ƙwayar ta koma ƙarama a idon kofi, hasken ya fi tattaruwa. Wani ɓangare kuma yana komawa cikin fosfo ya sake zagayawa kafin ya fito, sai launin ya ƙara ɗumi. A LED da yawa wannan aiki ne mai haɗari, ana yanka da reza ko a jiƙa a sinadari, kuma fosfo kan biyo hular. A 519A akwai wani shafi mai santsi kamar gilashi a kan fosfon, hular a kansa take zaune.

Na kunna tocilar minti ɗaya ba kofi don silikon ya yi laushi, na kashe, na cire batir. Na sa bakin hantsaki a gindin hular ta kusurwa, na ɗaga a hankali. Ta ɗan yi gardama, sai ta taso gaba ɗaya kamar ɓawo, ta bar fili mai sheƙi. 'Yan ragowar da suka maƙale a gefe na bar su, ban kankare ba, don a gefen nan ba na son ƙarfe ya yi yawo.

Sakamako: luks 440 a mita 5, kandela 11,000, mita 210 a lissafi. Da na haska rufin ɗaki na auna abin da ya dawo, jimillar hasken ta ragu da fiye da kashi goma cikin ɗari. Launin ya sauko daga 5700K zuwa wajen 4200K, ya ɗauki wani ɗan ja-ja mai daɗi. Da ma saboda haka na sayi 5700K tun farko. Da na fara da mai ɗumi, da yanzu ya yi rawaya da yawa.

Katako a ƙarƙashin wannan haske abin kallo ne. Na haska ƙofar ɗaki na ga jijiyoyin itacen da ban taɓa lura da su ba.

16 ga Afrilu

Gwajin daɗewa, a matakin kashi 35, wato amfiya 1.75 a LED. A nan nake sa ran tocilar za ta yi yawancin rayuwarta. Batirin miliamfiya 3,000 ne a volt 3.6, kusan wat 10.8 na awa ɗaya. Matakin yana jan kusan wat shida, lissafi ya ce awa ɗaya da minti hamsin.

Na tsayar da ita a gindinta a kan tebur, mitar haske a gefe, ina rubuta lamba kowane minti goma. Abin da ya burge ni shi ne lambar ta ƙi motsi. Minti goma, arba'in, saba'in, kusan abu ɗaya. Da tsohon direba haske kan fara dushewa da zarar batir ya sauka kusa da boltejin LED, kana gani yana tafiya a hankali. Wannan ya riƙe har bayan awa ɗaya da minti arba'in, sannan ya sauka mataki, ya fara ƙyafta gargaɗi. Na cire batir na auna, volt 3. Jikin ya yi ɗumi sosai a tsaye ba iska, amma da na ɗauka na riƙe, hannu ya janye zafin cikin ɗan lokaci.

Wajen cire batirin na ga ledarsa ta ɗan yage a kafaɗa, kusa da kan. Gangar batirin duka gefen dawowa ce, kuma a kafaɗar nan tazararta da kan ba ta wuce siririn zoben takarda ba. Na ajiye shi gefe, ba zai koma cikin bututun ƙarfe ba sai na sake masa riga.

19 ga Afrilu

Na sake wa batir riga, na sa sabon zobe a kansa.

Tun da na cire hula akwai wani siririn zobe mai duhu-duhu a kewayen tsakiyar hasken, ba a ganinsa a waje sai a farin bango. Ƙwayar ta canza tsayi a idon kofi, ke nan kofin yana buƙatar ya ɗan sauko. Na cire zoben robar, na goga bayansa a kan samfefa mai laushi sau goma, na mayar, na duba. Ya ragu. Na ƙara sau goma, ya kusa ɓacewa, amma yanzu gilashin gaba yana ɗan motsi idan na girgiza, domin duk abin da na cire a ƙasa ya bar gurbi a sama. Ina buƙatar zoben roba mai ɗan kauri a bakin gilashin, wanda zai cike gurbin ya kuma hana ruwa shiga. Na auna bakin, na rubuta girman.

LED na uku yana nan a ledarsa da hularsa. Allon da ya ƙone na dumama shi na cire gawar, na share dalmar, jan ƙarfen bai yi komai ba, zai sake aiki.